Tarihin Akwatin Tattaunawa a Manhajojin Kwamfuta

Akwatin tattaunawa ƙaramar taga ce da manhaja ke buɗewa a fuskar kwamfuta don ta yi wa mai aiki tambaya, ko gargaɗi, ko ta ba shi zaɓi. Iri biyu ne. Akwai mai tare hanya, wanda in ya fito sai babbar taga ta daina amsawa har a sallame shi, misali mai tambaya ko a adana fayil kafin a rufe. Akwai kuma wanda ba ya tare hanya, yana buɗe a gefe mutum na ci gaba da aikinsa, misali akwatin neman kalma a cikin rubutu.

Asali

Muhawarar wa zai ja ragama, mai aiki ko na'ura, ta girmi akwatin kansa. A cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Palo Alto a Amurka, manhajar rubutu mai suna Bravo ta 1974 tana da yanayi biyu, na ba da umarni da na shigar da rubutu. In mutum ya manta yanayin da yake ciki ya buga haruffa, sai manhajar ta ɗauke su a matsayin umarni, wani lokaci ta share masa aiki baki ɗaya. Larry Tesler da Tim Mott sun ƙera Gypsy a 1975 don kawar da wannan tarko. A 1980 Tesler ya koma kamfanin Apple da aƙidarsa cewa mai aiki ne ya kamata ya ja ragama, ba na'ura ba.

Bunƙasa

Kwamfutocin Lisa na 1983 da Macintosh na 1984 su suka yaɗa akwatin tattaunawa a kasuwa, Windows ta biyo baya a 1985. Jagorar da Apple ya rubuta wa masu ƙera manhaja, Inside Macintosh, ta bambanta iri biyun. Duk da haka mai tare hanya ya fi yawa, domin ya fi sauƙin ƙerawa: tunda an tsayar da komai, ba a fargabar mai aiki ya canza wani abu kafin amsa ta zo. A Windows ta farko har da akwatin da ke kulle dukkan manhajoji lokaci guda.

Daga nan aka riƙa sassautawa. A Macintosh, System 7 na 1991 ya ba da damar jan akwatin gefe a ga abin da ya rufe. Mac OS X na 2001 ya liƙa shi a jikin takardar da ya shafa kaɗai, sauran tagogi na aiki.

Suka da gyara

A littafinsa The Humane Interface na 2000, Jef Raskin ya nuna cewa gargaɗin da ake yawan gani yakan zama jiki, hannu ya danna amincewa kafin ido ya karanta. Ya ce gara a ba mutum hanyar warware kuskure. Windows Vista ta 2007 ta tabbatar da illar yawan gargaɗi, yawan neman izininta ya gundiri jama'a har Windows 7 ta rage shi a 2009. Tun 2004 Firefox ya mayar da neman kalma siririn layi a ƙasan taga, Gmail kuma ya kawo damar janye wasiƙar da aka aika a 2009.

A ƙasar Hausa

Ɗimbin matasa sun fara cin karo da wannan akwati a jarrabawar JAMB, wadda aka soma yi da kwamfuta a 2013, ta koma kwamfuta zalla a 2015. Ɗalibin da ya taso daga Zauro zuwa cibiyar jarrabawa a Birnin Kebbi, in ya zo miƙa amsoshinsa, na'ura za ta tsayar da shi ta nemi ya tabbatar. A nan tare hanya alheri ne, domin amsar da aka miƙa ba ta dawowa. Ƙa'idar da masana suka tsaya a kai ke nan bayan shekara hamsin ana gwaji: a tsayar da mutum a kan abin da ba shi da gyara, a sakar masa hanya a kan sauran.