Yadda Aka Fara Ƙirga Tsuntsayen Fadamar Haɗejiya

Tun ƙarshen shekarar 2020, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince a sa dausayin Haɗejiya cikin sababbin gandayen dajin ƙasa guda goma, maganar Baturiya, inda gandun zai kasance, ba ta kwanta ba. Manomi na tsoron a raba shi da fadamarsa, makiyayi na tunanin mashaya, masunci na tambayar ko za a hana shi jefa birgi. Wasu kuma na cewa, ina ruwan talaka da tsuntsu? Wannan tambaya ta ƙarshe ba za ta amsu ba sai an koma baya an ga yadda aka yi har mutane suka fara fita da littafi da madubin hangen nesa suna ƙirga agwagin ruwa a ƙasar Haɗejiya.

Labarin kaka da kakanni ya ce maharbi ne ya fara zama a inda garin Haɗejiya yake, kuma ba abin mamaki ba ne, domin wuri ne mai ruwa da namun daji. A nan kogin Haɗejiya, sa'annan na Jama'are, suke bajewa cikin rairayi kafin su haɗe su zama kogin Yobe su nufi Tafkin Chadi. Kafin Sarkin Haɗejiya Sambo da bayansa, kafin yaƙin 1906 da Turawa, fadamar tana da masu ita: sarkin ruwa ke faɗin ranar da za a shiga su, sarkin baka ke riƙe da maharba. Yaro ya taso ya san ba a jifan shamuwa, ya san idan ta sauka a kan tsamiyar unguwa damina ta ƙarato. Kiyayewa ce ta gaske, sai dai ba a rubuce take ba.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano, daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ke cin ƙasa. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Wani farin ya sake zuwa a 1983 da 1984. A 1992 madatsar Challawa ta ƙasar Ƙaraye ta biyo baya. Ruwan da a da yake malala ya shafe fadama a watan Agusta ya koma yana zuwa bisa ƙa'idar masu buɗe ƙofar madatsa, faɗin inda ambaliyar shekara take kaiwa ya ragu da fiye da rabi.

Masana tsuntsaye na Turai sun damu, domin agwagi da sauran tsuntsayen da ke ƙetare Sahara su guje wa sanyin ƙasarsu, nan ne masaukinsu daga kaka zuwa ƙarshen hunturu. Shi ya sa a 1987 aka kafa shirin kiyaye dausayin Haɗejiya da Nguru, haɗin gwiwar ƙungiyar IUCN, da RSPB ta Ingila, da gidauniyar NCF ta Nijeriya, aka buɗe masa ofis a Nguru. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo har Dagona ta ƙasar Bade ya ga tsuntsayen da idonsa. Daga nan ƙirgar watan Janairu ta zama al'ada: a shiga kwalekwale da asuba, a bi tafki-tafki, a rubuta kirinjijiya nawa, dinya nawa, zalɓe nawa. A Janairun 1997 an ƙirga tsuntsayen ruwa sama da 300,000, nau'in tsuntsayen da aka rubuta a yankin kuwa ya haura 370.

Abin da ya fi burge ni a aikin shirin nan shi ne bai tsaya kan tsuntsu ba. A 1993 aka wallafa babban littafi kan dausayin, wanda Hollis da Adams da Muhtari Aminu-Kano suka tsara. Masana tattalin arziki, Barbier da abokan aikinsa, suka lissafa shinkafa da kifi da itacen da fadamar ke bayarwa, suka gano cewa ruwan da aka bari ya iso fadama ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba, idan aka gwada da ruwan da aka tare don noman rani a Kadawa. Wato masu ƙirgar tsuntsu ne suka fara kafa wa manomin Auyo da masuncin Guri hujja a rubuce.

Akwai masu ɗora laifin raguwar tsuntsaye kan maharba da masu saran itace. Ba a musun ɓarnarsu, amma maharba sun yi ƙarni da ƙarni a fadamar tana cike maƙil. Akwai masu cewa fari ne da sauyin yanayi. To, damina ta gyaru, har ambaliyar 2018 da 2020 da 2022 ta ci gidaje da gonaki, amma fadamar ba ta koma yadda take ba. A ganina tushen matsalar shi ne lokacin zuwan ruwa. Da can kogi yana cika da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe ta tsattsage. Yanzu ana sako ruwa har da rani, rafuka ba sa bushewa, sai kacalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara laka, ruwa ya karkata ta rafin Marma ya cinye gonaki ta wajen Nguru, wasu garuruwan kuma su zauna da ƙishi. Agwagwa ta rasa sararin ruwa, jan-baki ya samu makwanci. Idan aka yi masa feshi da jirgi, ba shi kaɗai gubar ke kashewa ba.

Takardun girmamawa dai an samu. A 2000 tafkin Nguru da rafin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, Baturiya ta ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta bi sahu a 2008. Sai dai da kuɗin waje ya janye, aikin ƙirga ya yi rauni. In ba ka da gashin wance, kada ka yi kitson wance: aikin da ya dogara kan kuɗin waje da baƙi ba zai daɗe a hannunmu ba.

Sabon babi ya buɗe a 2015, lokacin da cibiyar APLORI ta Jos ta fara shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowanne kimanin kilomita tara tsawo da faɗi. Mai sa-kai zai zagaya gidansa, ya shigar da duk tsuntsun da ya gani ko ya ji cikin manhajar BirdLasser a wayarsa. Malamai da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse na cikin waɗanda suka rungumi aikin a Arewa. Muhimmancinsa shi ne cikin gari ma fage ne. Ungulu da a da take cika mahauta da bayan kasuwa ta yi ƙaranci har a 2015 aka sa ta cikin masu dab da ƙarewa a duniya, kuma ta ɓace mana ba tare da wani ya rubuta shekarar da ta daina zuwa ba.

Kada a bari haka ta faru da shamuwa da gauraka. Makarantun sakandaren Haɗejiya su kafa ƙungiyoyin kallon tsuntsaye, a sa masunta da sarakunan ruwa cikin ƙirgar Janairu, domin sun fi kowa sanin kowane tafki. Fadar Mai Martaba Sarkin Haɗejiya Adamu Abubakar Maje tana da muryar da za ta haɗa su. Hukumar gandun daji kuma ta sani cewa shinge da masu gadi ba za su ceci Baturiya ba, muddin ba a zauna da masu riƙe da ƙofofin Tiga da Challawa an daidaita lokacin sakin ruwa ba.