Akori-kura da Ginin Abuja

Akori-kura, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya, ta samu karɓuwa a Arewa bayan kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, shekara guda kafin gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar samar da Abuja. Samfurin 404 da 504 sun yi jigilar siminti da katako da leburori har gwamnati ta tare a birnin a Disambar 1991, kuma abin da ya ɗaukaka su shi ne juriya da sauƙin gyara, domin kusan kowane bakanike ya san cikinsu.

Wannan sauƙi ne sababbin kamfanoni irin su Slate na Amurka suke neman farfaɗowa, inda a 2025 kamfanin Slate ya nuna ƙaramar akori-kura mai tsohon fasali da ke aiki da lantarki, wato batir ke juya ta maimakon fetur. Tsadar mai tun cire tallafi a 2023 ta sa batun ya shafi direbobin kasuwar Dei-Dei da ke Abuja, sai dai ƙarancin wuta da wuraren caji babban cikas ne.