Rashi na Kwatance da Ingancin Rayuwar Matan Kano a Lokacin Annobar Korona

Tsakure

Maƙalar ta ɗora ra'in rashi na kwatance a kan halin da matan aure masu sana'ar cikin gida suka shiga a Kano lokacin dokar hana fita ta 2020. Hujjarta ita ce raguwar kuɗin shiga kaɗai ba ta isa ta bayyana ƙuncin da suka ji ba.

Ra'in Bincike

Samuel Stouffer da abokan aikinsa ne suka fito da ra'in a 1949, a nazarinsu kan sojojin Amurka. Sun gano cewa mutum yana auna halinsa ne da na tsaransa. A 1966 W. G. Runciman ya raba shi gida biyu: rashin da mutum yake ji a karan kansa, da wanda yake ji a madadin rukuninsa. Ma'aunin WHOQOL-BREF na Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa yana duba ingancin rayuwa ta fuskar lafiyar jiki, kwanciyar hankali, zumunci da muhalli.

Tattaunawa

An tabbatar da ɓullar cutar korona a Kano ranar 11 ga Afrilu, 2020. Ranar 27 ga watan Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe jihar na mako biyu, ana cikin azumi. Tun a shekarun 1970 Enid Schildkrout ta nuna cewa cinikin matan Kano a kan tallar yara ya dogara. Da aka hana fita, mai ƙosai ta rasa mai kai mata tasha, mai alkaki da nakiya ta rasa biki, zubin adashi ya tsaya, kwasar da aka sa rai za a yi kayan sallah da ita ta bi ruwa.

Sai dai asarar ba ta faɗo wa kowa daidai ba, kuma nan ne ra'in yake da amfani. Mace ba ta auna kanta da matar attajirin unguwar Nasarawa. Da maƙwabciya take aunawa, wadda mijinta ɗan albashi ne, ko da kishiya wadda 'yan'uwanta ke aiko mata da buhun shinkafa. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, kowa na ganin tukunyar kowa.

Rabon tallafi ya ƙara dagula lamarin. Wadda aka tsallake gidanta alhali an bai wa na kusa takan ji zafin da ya fi na yunwar, domin ta ga abin akwai shi, ita ce ba a kai gare ta ba. A ganina, wannan ne ya mayar da ƙorafin mutum ɗaya na jama'a, irin kashi na biyu na Runciman, kamar yadda fasa rumbunan tallafi a Jos da Kaduna a Oktoban 2020 ya nuna.

Saboda haka duk takardar tambayoyin da za a kai wa waɗannan mata tana buƙatar tambaya kan wadda suke kwatanta kansu da ita, kuma mace ce ya kamata ta shiga da takardar har ɗaki, ba a tsaya a zaure a tambayi maigida ba.