Baƙo a Zauren Marubuta: Tarihin Tarukan Marubutan Soyayya da Guzurin Mai Zuwa Karon Farko

Duk wanda bai taɓa halartar taron marubutan littattafan soyayya ba, yakan zaci zai tarar da jama'a ne suna ta musayar kalaman so da bege. Da ya shiga zauren kuwa, abin da zai fi cika masa kunne shi ne tsadar takarda, da bashin da ya maƙale a hannun 'yan kasuwa, da satar fasaha, da hukumar tace littattafai. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun yadda aka yi waɗannan taruka suka ɗauki wannan kama, domin amfanin ɗalibanmu na Jekadafari da Bolari da Herwagana da sauran unguwannin Gombe, waɗanda suka fara rubutu, suke kuma shirin kama hanyar Dukku da Darazo zuwa Kano ko wani gari inda marubuta ke haɗuwa. Bahaushe ya ce kowa ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Mutanen da baƙo zai tarar a zauren sun daɗe da tashi, kuma kusan kowace magana da za a yi a gabansa tana da tushe a wani abu da ya faru shekaru da dama.

Marubutan farko na ƙagaggun labaran Hausa ba su da bukatar kafa ƙungiya. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, kuma hukumar da ta nemi rubutun ita ce ta gyara, ta buga, ta rarraba shi makarantu. Haka abin ya ci gaba a hannun Kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA, sa'annan kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966. Ko littattafan da suka fito a 1980 daga gasar wannan kamfani, watau Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, ta wannan kafa suka biyo. Marubuci ya miƙa rubutunsa, ya koma gida ya jira.

Al'amura sun sauya a shekarun 1980. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka soma a 1976, da makarantun yaƙi da jahilci na Jihar Kano, sun samar da ɗimbin matasa da matan aure masu iya karatun boko da Hausa, suna neman abin karantawa. A daidai wannan lokaci ne kuma tattalin arziki ya karye, gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya suka tsaya ga littattafan makaranta. Ga masu karatu, ga masu rubutu, babu mai bugawa. Sai marubuta suka shiga kai aikinsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farkon wannan zubi, Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya biyo baya a farkon shekarun 1990. Lokacin da waɗannan littattafai suka fara isowa kasuwar Gombe a cikin kayan fatake, garin yana ƙarƙashin Jihar Bauci ne, domin sai a 1996 aka ƙirƙiro Jihar Gombe.

A cikin wannan hali ne aka kafa ƙungiyar Raina Kama a Kano, wadda Ado Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa da Balaraba Ramat suke cikin jigoginta, aka kuma sami wasu irinta kamar Kukan Kurciya da Jigon Hausa. Sunan ma kaɗai ya isa ya nuna halin da suke ciki, don kuwa daga karin maganar nan ne ta raina kama ka ga gayya. Sun san an raina su, musamman da yake da yawansu ba su yi karatun boko mai zurfi ba. Abin da ya tara su shi ne aikin da kamfanin ɗab'i ya kamata ya yi musu: duba rubutun juna, da sanin maɗaba'ar da ba za ta cuce su ba, da talla. Wanda ya sami tsohon littafin 'yan Raina Kama ya duba shafukansa na gaba da na baya, zai ga jerin sunayen littattafan sauran 'yan ƙungiya, wani lokaci har da hotunansu. Kowane littafi yana tallar ɗan'uwansa.

Daga nan guzurin baƙo na farko ya fito. Zaure ne da aka gina a kan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, saboda haka wanda ya shigo bai karanta kowa ba, yana neman kowa ya karanta shi, ya taka al'adar wurin tun kafin ya zauna. Ya kamata ɗalibi ya nemi sunayen waɗanda za su yi magana, ya karanta aƙalla littafi ɗaya na wasunsu, ya kuma ware wani abu daga kuɗin motarsa ya sayi littafi a teburin da ake bajewa a bakin ƙofa. Gaisuwar da ta fi shiga ran marubuciya ita ce a kama sunan wata a cikin labarinta a tambaye ta dalilin da ya sa ta yi mata irin ƙarshen da ta yi mata. Cewa "ina jin daɗin littattafanki" kuwa, ta ji shi sau dubu.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, kuma mu malaman jami'a muna da hannu a cikinsa. Ɗalibinmu yakan fita daga aji da sunan "Adabin Kasuwar Kano" a bakinsa, yana ɗaukarsa kamar kowane suna na ilimi da za a rubuta a jarrabawa. Sunan yana da tarihi mai zafi. Tun daga 1991 aka fara muhawara a jaridar Nasiha a kan waɗannan littattafai, inda Ibrahim Sheme ya ba kowane ɓangare fili. A 1994 Ibrahim Malumfashi ya yi amfani da wannan suna, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica na Turanci, waɗanda suka yi tashe suka shuɗe. Zargin da ake yi musu a lokacin shi ne kwaikwayon finafinan Indiya, da rashin bin ƙa'idojin rubutu, da ɓata tarbiyyar 'yan mata. A ƙarshen shekarun 1990 muhawarar ta koma shafukan New Nigerian da Turanci, inda Abdalla Uba Adamu ya tsaya wa marubutan, yana ganin sun sa al'umma karatu a lokacin da babu wanda ya damu da hakan, ya kuma fi son a kira aikinsu adabin Hausa na zamani. Masu nazari daga ƙetare, irin su Brian Larkin da Graham Furniss da Novian Whitsitt, su ma sun sa baki.

A ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Kurakuran rubutu a yawancin littattafan ba ƙage ba ne, kuma wasu labaran hakika daga majigin Indiya aka ɗauko su. Amma wanda ya karanta Wa Zai Auri Jahila? ko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba, zai ga auren dole da sakin wulaƙanci da hana 'ya mace ilimi ne ake tuhuma, abubuwan da adabin da muke koyarwa a aji bai cika kallonsu ido da ido ba. Na biyun ma an fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012, wanda hakan abin dariya ne ga mai tuna zargin kwaikwayon Indiya. Abin da ya rage ga baƙo shi ne ya iya bakinsa. Akwai marubutan da suka rungumi sunan kasuwar, akwai waɗanda har yau suna jin sa kamar zagi, akwai kuma waɗanda ko "marubucin soyayya" ba sa son a kira su, don suna ganin an taƙaita su. Ya saurara ya ji yadda mutum ke kiran aikinsa, sa'annan ya bi shi a haka.

Idan baƙo ya waiwaya cikin zauren zai ga mata sun fi yawa, ko da kuwa maza ne suka cika babban tebur. Tun daga tsakiyar shekarun 1990, lokacin da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe?, alƙalamin wannan adabi ya fi zama a hannun mata, har daga baya suka kafa ƙungiyoyinsu irin su Kallabi da Mace Mutum. Da yawansu matan aure ne da ke rubutu daga cikin gida, wasu da sunan aro, wasu kuma fitowarsu taron ma sai da aka nemi izini. Don haka ɗaukar hoto ba tare da tambaya ba, ko neman lambar wayar matar da aka haɗu da ita yau, kan iya jawo mata abin da mai yin bai hango ba. A kira babba Hajiya ko Anti, a kira namiji Malam, a bar wasan da ba a saba ba.

Za kuma a ji an ambaci hukuma, murya ta ɗan sauya. Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan Hausa da aka karɓa daga hannun ɗalibai mata a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A 2008 hukumar tacewa, a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta nemi kowane marubuci ya yi rajista da ita, reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, watau ANA, ya ƙi, aka kai ruwa rana har shugabannin ƙungiyar na ƙasa suka shigo cikin maganar. Wasu daga cikin dattawan da ke zaune a gaba su ne suka yi wannan fafatawa. Matashin da ya miƙe a lokacin tambayoyi ya ce ai marubuta ne suka lalata tarbiyya, ko kuma ya ce babu ruwan kowa da abin da marubuci ya rubuta, ya sani ba shi ne farkon faɗa ba, kuma an amsa duka biyun tun kafin a yaye shi.

Sai maganar da ta fi shafar aljihu. A zamanin bugun kai, marubuci yakan kai littafinsa ga masu shagunan littattafai na Kano, su karɓa bashi, su biya bayan an sayar, shi ya sa aka riƙa kasa labari ɗaya kashi biyu ko uku, domin kuɗin na ɗaya ya buga na biyu. Da finafinan bidiyo suka bunƙasa bayan Turmin Danya na 1990, marubuta da dama suka koma can, labarai suka yi ta sauya hannu da yarjejeniyar baki. Yanzu kuma kasuwar ta koma waya, ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ana biya kafin a karanta, wani ya kwafe ya raba kyauta, wani ya karanta a YouTube ya ci kuɗin. Salon ya sauya, kukan bai sauya ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2022, tana kare rubutu tun daga lokacin da aka sa shi a takarda ko a na'ura, kuma mallakar ba ta komawa hannun wani sai da yarjejeniya a rubuce. Ke nan baƙo kada ya miƙa cikakken rubutunsa ga wanda ya sani yau, balle kwafin da ba shi da na biyunsa. Ya tafi da taƙaitaccen labarin a shafi ɗaya, da babi guda da aka gyara sosai. In wani ya nuna sha'awar bugawa ko mayar da shi fim, a rubuta, a sa hannu, a sa shaidu, ko da za a ce masa ya cika Turanci.

A wannan fanni akwai abin aro daga Amurka. Ƙungiyar marubutan soyayya ta can, wadda aka kafa a birnin Houston a 1980, ta shahara da ware wa sabon marubuci 'yan mintoci kaɗan ya zauna da edita ya bayyana labarinsa. Ƙungiyar ta faɗa rikici a 2019 kan zargin wariyar launin fata, ta kuma bayyana karyewarta a kotu a 2024, amma darasin 'yan mintocin yana nan. Mu nan babu editan da ke jira da agogo, sai dai ganawa a bakin ƙofa bayan sallar azahar, kuma wanda ya kasa faɗin labarinsa cikin jimla huɗu ko biyar a wannan tsayuwa, da wuya a sake ba shi kunne. A nan ne kuma ake jin labarin kafofin da ba na kasuwa ba, kamar gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata, ko bikin littattafan Hausa da aka soma a Kaduna a 2021.

Akwai wata fargaba da ta keɓanci ɗan Gombe, ita ce ta harshe. A garin da Fulani da Tera da Bolawa da Tangale da Waja suka haɗu a kan Hausa, ba mamaki a ji an namijantar da mace a magana, ko a ji kalmar Fillanci ta faɗo tsakiyar zance, kuma ɗalibi yakan ji nauyin buɗe baki a gaban Kanawa. Lallai ne a gyara jinsi da ƙa'idojin rubutu a bakin mai ba da labari, a sa wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasarsu, a raba kalmomin da ake rabawa, domin a nan ne aka fi kama marubutan 1990, kuma ɗalibin Sashen Hausa ba shi da uzurin da suke da shi. Maganar taurarin labari kuwa, a bar 'yar Jekadafari ta yi magana kamar 'yar Jekadafari. So Aljannar Duniya, wanda ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta buga, labarin wata Bafillatana ne, kuma marubuciyarsa ta bar Fillancin a bakin mutanenta.