Noman Sassabe da Shirye-shiryen Raya Karkara a Ƙasar Tamale

Gabatarwa

Tun kafin zuwan Turawa, manoman Dagwamba da Gwanja suna da hanyarsu ta kula da ƙasa. Manomi zai yi sassabe, ya ƙone, ya fara da doya, sannan dawa ko gero ko gyaɗa su biyo baya. Idan gona ta gaji, ƙuduji ya bayyana, sai ya bar ta saura na wasu shekaru har ta farfaɗo. Kaɗanya da ɗorawa kuwa ba a sare su, domin daga gare su mata ke samun man kaɗe da daddawa. Wannan takarda za ta duba yadda hukumomi suka yi ƙoƙarin sauya wannan tsari, da abin da ya hana su cin nasara.

Kamfanin Gwanja

Tamale ta zama hedikwatar Turawan Ingila a arewacin ƙasar a 1907. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta shiga ƙarancin man girki, sai aka kafa kamfanin raya ƙasar Gwanja a Damango, yamma da Tamale, domin noman gyaɗa da injuna. An yi niyyar kwaso Farafara daga yankinsu mai cunkoso a zaunar da su a can. Amma kututture ya riƙa karya injuna, kayan gyara suka yi wuya, ƙasar kuma ba ta da zurfi, marmara ce a ƙarƙashi. Mutanen da suka yarda su bar gida ba su da yawa. An rushe kamfanin a 1957. Irin wannan ne ya sami shirin Mokwa a Nijeriya, wanda aka fara a 1949 ya watse a 1954.

Zamanin Shinkafa

A 1972 gwamnatin soja ta Kanar Acheampong ta ƙaddamar da shirin ciyar da kai. Aka buɗe fadamun arewa ga noman shinkafa, aka ba da rancen banki da tarakta da taki mai rahusa. Sai dai 'yan kasuwa da ma'aikata da hafsoshi ne suka fi cin gajiyar abin. Dajin da ƙauyawa suka bari ya huta, sai aka ɗauke shi tamkar ba shi da mai shi. A wasu wurare har gonakin shinkafa aka riƙa cinna wa wuta. Bayan gyaran tattalin arziki na 1983 aka janye rahusar taki sannu a hankali, zuwa 1990 ta ƙare. Shirin Sasakawa, wanda ya zo a 1986 da irin masara da taki bisa rance, shi ma ya ci karo da tsadar takin.

Ina Gizo Ke Saƙar?

Masu tsara shirye-shiryen sun ɗauki saura a matsayin jahilci ko ɓarnar fili. Alhali kuwa saura ita ce takin talaka: tana mayar wa ƙasa ƙarfi, tana rage ciyawa, tana ba da itace da kiwo. Duk shirin da ya kawar da ita ya dogara ne da kuɗin waje, kuma kowa ya san mai hannun aro ba ya miƙe ƙafa. Da kuɗin ya yanke, sai manomi ya rasa takin zamani, ga shi kuma ba sauran dajin komawa.

Kammalawa

Yau jama'a ta ƙaru, birnin Tamale ya cinye gonakin kewaye, hutar da gona shekaru masu yawa ya zama da wuya. Shi ya sa cibiyar binciken noma ta Nyankpala ta ba da ƙarfi ga juya shuka tsakanin hatsi da wake ko waken soya. Tambayar da tarihi ya bar wa masu tsara shiri ita ce: in an hana gona hutu, me zai yi mata aikin da hutun ke yi, kuma wa zai biya?