Hanyar Uraniyom da Lissafin Kasafin Nijar

Kwaltar da ta tashi daga Tawa ta keta arewacin Adar, ta bi ta Abalak da Agadas har Arlit, ana kiranta Hanyar Uraniyom. An shimfiɗa ta a ƙarshen shekarun 1970, zamanin da masu tsara kasafin kuɗi a Yamai suka sakankance cewa arzikin ƙarƙashin ƙasa zai ɗore.

Suna da hujjarsu. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a Arlit cikin 1971, COMINAK kuma ya biyo baya a Akuta cikin 1978. Bayan tashin farashin man fetur na 1973, ƙasashen Turai suka karkata ga wutar nukiliya, laba ɗaya ta uraniyom ta haura dala 40 a kasuwar duniya. Gwamnatin Seyni Kunce ta ɗauke wa talakawa kuɗin kai, abin da ya sauƙaƙa wa manomin Adar wanda a da yakan sayar da hatsi ko akuya domin ya biya. Ta kuma ci bashi ta yi gine-gine, ta ɗora tsarin shekara biyar na 1979 zuwa 1983 bisa zaton cewa kuɗin ma'adinin za su ci gaba da hauhawa.

A shekarar da tsarin ya soma aiki aka yi haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka. Aka soke gina tashoshi da dama, uraniyom ya yi kwantai, kafin ƙarshen 1982 farashin ya faɗi da fiye da rabi. Nijar ta haƙo sama da tan 4,000 a 1981, amma abin da ya shiga baitulmali bai kai abin da aka rubuta ba, alhali bashi yana nan daram. Cikin 1983 gwamnati ta nemi tallafin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka tsuke bakin aljihu. Sai ga farin 1984. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a wannan shekarar, da kuɗin Italiya ya tsayu, yayin da samarin Adar suka riƙa cike giɓin gidajensu da abin da suke aikowa daga cin rani a Abijan da Nijeriya.

Jami'an Yamai sun iya lissafi. Inda aka samu tangarɗa shi ne sun jingina kasafin ga farashin da ake yankewa a wata nahiya. Irin haka ta sake faruwa a 2023: bayan juyin mulkin watan Yuli aka dakatar da tallafin waje, aka zabge kasafin shekarar da kusan kashi 40 cikin 100. Manomin Adar ba ya auna hatsi yana tsaye a gona. Sai damma sun shiga rumbu yake sanin na ci da na sayarwa. Kasafin da ke son ya cika alkawari ga makarantun Tawa da asibitocinta, da irin wannan mudun ya kamata a auna shi.