Tarihin lulluɓe kek da fondan

Kalmar fondan daga Faransanci ta fito, ma'anarta abin da ke narkewa. A Faransa, alewa ce mai laushi da ake narkarwa a kwarara a kan kek. A Ingila kuwa, da garin sukari da farin ƙwai aka saba shafe kek ɗin biki, kamar na auren Sarauniya Biktoriya a 1840. Wannan shafen yakan bushe ya yi tauri har ya wahalar da wuƙa.

Bayan tsakiyar ƙarni na 20 ne aka rungumi fondan na murzawa, musamman a Ostireliya. Ana kwaɓa sukari da gulukos da jelatin, a murza kamar ƙullin fulawa, a shimfiɗa a kan kek mai zagaye, a lailaye gefensa da tafin hannu har ya kwanta sumul. Laushin wannan fondan ne ya sa ya mamaye kek ɗin aure.